An ce ina da faibromayaljiya, wane likita zan riƙe a Kaduna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Ni mace ce, shekarata 38, ina zaune a Unguwar Rimi. Na daɗe ina fama da ciwon jiki ko'ina, ga gajiya, barci kuma ko na yi kamar ban yi ba. Na sha maganin taifod da maleriya har na gaji, daga baya likitan gaɓoɓi a Shika ya ce faibromayaljiya ce, ya ɗora ni kan magani. To zuwa Zariya duk wata ya min nauyi, ga kuɗin mota ga yara. Wani likita da na gani nan cikin gari kuma ya ce gwaje-gwajena duk lafiya lau, wai damuwa ce kawai. Dan Allah wa zan riƙe?

AMSA: Wa alaikumus salam, sannu 'yar uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Kafin komai ina so ki cire maganar "ba abin da ke damunki" daga ranki, ciwon nan na gaske ne, kuma gwajin jini da ya fito lafiya shi ake tsammani dama. A faibromayaljiya babu kumburi a gaɓoɓi, ƙashi bai lalace ba, matsalar tana yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ke karɓar saƙon zafi, kamar rediyon da aka ƙure wa murya, abin da wani zai ji kaɗan ke sai ki ji shi da ƙarfi. Shi yasa hoto ba ya nuna komai, gwajin jini na ESR da CRP masu auna kumburi ma yawanci daidai suke fitowa. Ana yin gwaje-gwajen ne don a tabbatar ba wani ciwon ne ya ɓuya ba, irin su matsalar tayirod (ƙullin da ke gaban wuya), ƙarancin jini, ƙarancin bitamin D, lufus (ciwon da garkuwar jiki ke yaƙar jikin mutum) ko sanyin gaɓoɓi mai kumburi.

Yanzu ga tambayarki. Gaskiya ba sai kin riƙa zuwa Shika duk wata ba. Babban aikin likitan gaɓoɓi shi ne ya gano ciwon kuma ya kore sauran cututtukan da ke kama da shi, kuma naki ya riga ya yi wannan. Likitocin gaɓoɓi a Najeriya ba su da yawa ko kaɗan, layinsu kullum cike yake da masu lufus da masu ciwon da ke cin gaɓa, to bayan an gano ciwon wanda ya fi dacewa ya riƙe ki yau da gobe shi ne ƙwararren likitan iyali, wato wanda ya yi karatun ƙwarewa a fannin kula da mutum gaba ɗayansa. Za ki same su a sashen ganin marasa lafiya na yau da kullum da ake kira GOPD na manyan asibitoci, misali Asibitin Koyarwa na Barau Dikko nan cikin gari, akwai su kuma a wasu asibitocin kuɗi. Likitan cututtukan ciki na manya shi ma zai iya. Shika sai ta zama wajen komawa lokaci zuwa lokaci, ko idan wani sabon abu ya taso.

Amma ni abin da na fi damuwa da shi ba sunan fannin likitan ba ne, a samu mutum ɗaya ne wanda zai san ki. Ciwon nan yana lafawa yana tashi, magani kuma sai an gwada an gyara an sake gwadawa, idan yau kin ga wannan gobe kin ga wancan to kullum daga farko za a fara, kowa ya sake aika ki gwajin taifod, kuɗi na tafiya ke kuma kina nan yadda kike. A manyan asibitoci likitoci na juyawa, saboda haka ki tambayi sunan babban likitan da kika ji daɗinsa da ranar da yake zama kilinik, ki roƙa a riƙa ba ki wannan ranar. Ba rashin kunya ba ne, mu kanmu mun fi son haka.

Kuma kafin ki bar hannun likitan Shika, ki koma sau ɗaya ki ce ya rubuta miki takardar bayani: me aka gano, wane gwaji aka yi, wane magani kike sha da yawansa. Wannan takardar ita za ta rufe bakin gardama a duk ofishin da kika shiga. Ki ɗauki hotonta a waya. In kina da inshorar lafiya, ta NHIA ko ta jiha wato KADCHMA, ki tambayi asibitin da kika yi rajista yadda ake samun takardar tura mara lafiya, kar ki je ki biya abin da inshora za ta ɗauka.

To ta yaya za ki gane kin dace da likita? A zama na farko ko na biyu za ki gane. Wanda ya san ciwon nan zai tambaye ki barcinki, zai tambayi mantuwa da rikicewar tunani da ke zuwa da shi, ciwon kai, kumburin ciki, yanayin zuciyarki, aikin gida da ya fara gagararki. Zai faɗa miki gaskiya cewa babu maganin da ke warkar da shi gaba ɗaya amma ana samun sauƙi sosai, kuma ciwon ba ya lalata gaɓa ba ya gurgunta mutum. Sannan zai yi miki maganar motsa jiki tun kafin ya ɗauki biro. Ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai, EULAR, a shawarwarin da ta fitar a 2017, motsa jiki ne kaɗai ta ba wa goyon baya mai ƙarfi, duk magungunan suna bayansa. Na san mai jin ciwo ko'ina in aka ce ta motsa jiki sai ta ji kamar ba a fahimce ta ba, amma ba gudu ake nufi ba, tafiyar minti 5 zuwa 10 ce a tsakar gida ko layinku bayan asuba ko da yamma, kina ƙarawa kaɗan kaɗan duk sati, ranar da kika ji daɗin jiki kuma kar ki ce sai kin wanke kayan gidan duka kin share kin goge, don washegari za ki kwanta. Nan ne masu fisiyo, wato masu gashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, suke da amfani ƙwarai, ki ce likitanki ya tura ki wajensu su tsara miki daidai ƙarfinki. Da yawa suna cewa jikinsu ya fi tsami lokacin hunturu, wanka da ruwan ɗumi da miƙe jiki da safe na taimakawa.

Ɓangaren magani, waɗanda ake amfani da su su ne amitiriptilin ɗan kaɗan da dare, yawanci ana farawa da miligiram 10, sai duloksetin, sai piregabalin wanda aka fi sani da Lyrica, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan ciwon a 2007, duloksetin kuma a 2008. Ba kowa suke yi wa aiki ba, wata wannan ya karɓe ta wata wancan, kuma sai an ba su makonni kafin a yanke hukunci. Amitiriptilin na busar da baki yana sa jin barci da safe, duloksetin ba a tsayar da shi lokaci ɗaya, piregabalin na sa jiri da ƙiba kuma kin san yadda matasa ke shan sa don maye, to sai da takardar likita kuma ki ɓoye shi a gida. In kina neman haihuwa ko kina shayarwa ki faɗa tun farko, da azumi kuma ki tambayi yadda za a gyara lokutan sha.

Wanda nake so ki guje shi ne duk mai ɗora ki kan allurai da ƙarin ruwa duk sati. Diklofenak da aibufrofen ba su cika yi wa wannan ciwon komai ba, sai dai su bar ki da olsa ko su taɓa ƙoda. Deksa da firednisolon da ake haɗawa a kemis da sunan maganin sanyi ba sa maganinsa, suna kawo suga da hawan jini da raunin ƙashi. Allurar fentazosin da kodin kuwa wallahi na ga matan aure masu mutunci da suka faɗa jaraba ta wannan hanyar, daga neman sauƙin ciwon jiki aka fara. Tiramol ma in har za a ba da shi to na ɗan lokaci ne ƙarƙashin idon likita. Haka mai ce miki yana da maganin da zai cire ciwon cikin sati biyu, ko a asibiti ko a Facebook, ki riƙe kuɗinki. In kina shan wani na gargajiya ki nuna wa likitanki, kar ki ɓoye.

Akwai magana ɗaya da mutanenmu ba sa son ji. Idan likita ya ce ki ga masanin halayyar ɗan adam ko likitan ƙwaƙwalwa, misali a asibitin tarayya na Barnawa, ba yana nufin kin haukace ko ƙarya kike ba. Ciwo na shekaru da rashin barci na jawo damuwa, damuwa kuma na ƙara zafin ciwon, akwai zaman tattaunawa da ake kira CBT da ke koya wa mutum dabarun barci da rayuwa da ciwo, kuma bincike ya nuna yana taimakawa. Bambancin shi ne likitan kirki zai tura ki can kuma ya ci gaba da ganinki, ba wai ya sallame ki ba kenan. Ina kuma ba da shawara ki je da maigida ko wata babba a gidan ko sau ɗaya ne, su ji daga bakin likita, saboda kalmar "lalaci ne" ko "raki ne" a cikin gida tana cin mace fiye da yadda ake zato.

Ki samu ɗan littafi kina rubuta yadda kika yi barci, inda ya fi ciwo, me kika yi ranar, wane magani kika sha, ki tafi da shi duk ranar kilinik da tambaya biyu ko uku da suka fi damunki, don lokacin ganin likita gajere ne. Sannan kar a riƙa ɗora komai kan faibromayaljiya, mai ita tana iya kamuwa da wani ciwon daban. In kika ga gaɓa ta kumbura ta yi zafi, ko yatsunki na sanƙarewa da safe fiye da awa ɗaya, ko zazzaɓi da ba ya tafiya, rama ba dalili, ƙuraje a fuska, zubar gashi, ko hannu ko ƙafa ya yi rauni na gaske, to wannan kar ki jira ranar kilinik, ki ga likitanki nan take ya mayar da ke wajen likitan gaɓoɓi a Shika.