Kuɗin adashi a hannu, an rasa abin yi da su

Ɗan'uwa, ka ce wata takwas ke nan da ka ɗauki adashi, ka rasa ko hatsi za ka saya ka ajiye ko Keke Napep, kullum ka yi lissafi ka fasa.

Ni a ganina ba bayani ka rasa ba, tsoron asara ne ya riƙe maka ƙafa. Kuma zaman nan da kake yi shi ma asara ce, domin naira ba ta jiran kowa. Hatsi yana da lokacinsa: da kaka ake samun gero da masara da rahusa a kasuwa irin Dawanau. In ka bari damina ta kama, sai dai ka saya a hannun waɗanda suka riga ka.

Ka daina tambayar duk wanda ka gamu da shi. Mutum biyu sun isa, ɗan kasuwar hatsi ɗaya, mai keke ɗaya, kowa ya faɗa maka inda ya taɓa faɗuwa. Sannan ka yi istihara, raka'a biyu da addu'a. Mutane da yawa suna zaune jiran mafarki, alhali ba sharaɗi ba ne. Kafin yaƙin Uhudu Manzon Allah (SAW) ya shawarci sahabbai aka tsaya a kan fita daga Madina a tari abokan gaba. Da ya sa sulke, wasu suka so a janye, bai cire ba.

Ka sa wa kanka rana, a ce Juma'a mai zuwa. In har gabanka na faɗuwa, fara da buhu biyar na hatsi, ka nemi wurin ajiya marar danshi.