Ruwan tafkin tace ƙazanta ya koma kore: a ba shuka ko a bari?

Wani mai lambu ya turo tambaya, wai gonarsa na gefen tafkunan da ake tace ruwan kwatar gari, ruwan ya yi kore shar, lalacewa ya yi ne? Kuma zai iya sa inji ya ja ya yi ban ruwa?

To malam, wannan koren shi ne ma alamar tafkin na aiki. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ake yi a ciki. Bakteriya su ke cinye ƙazantar, amma sai da iskar oksijin, ita kuwa iskar gansakuka ce ke samar da ita da rana, tare da wasu ƴan halittu da ake ce wa sayanobakteriya, waɗanda asalinsu bakteriya ne amma da hasken rana suke haɗa abinci kamar ganye. Su kuma bakteriyan in sun ruɓar da dattin sai su saki iskar kabon da amoniya da fosfet, taki ke nan ga masu koren. Da tsakar rana ma ruwan kan yi kanwa-kanwa, ma'aunin pH ya haura 9, wannan da zafin rana su ke kashe ƙwayoyin cutar da suka zo da bahaya. Da dare kuwa kowa shaƙa yake ba mai samarwa, shi ya sa iska ta fi ƙaranci da asuba.

Amma fa ba kowane kore ba ne na arziki, nan nake so ka natsu. Idan ka ga ya taso sama kamar an zuba fenti, iska ta tara shi gefe guda, to galibi sayanobakteriya ne suka yi rinjaye, kuma wasunsu irin Microcystis na fitar da guba mai lalata hanta. Tun 1878 aka rubuta labarin dabbobin da suka mutu a Ostireliya bayan sun sha irin wannan ruwa a tafkin Alexandrina. Ɗebo a kwalba ka ajiye ya kwana, in koren ya kwanta ƙasa gansakuka ce, in ya tashi sama ya yi zobe ka yi hattara.

Batun ban ruwa, daga tafkin ƙarshe za ka ja, kar ka kuskura ka taɓa na farko mai zurfin nan mai wari, can ƙwan tsutsar ciki ke kwanciya. Tsohuwar ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1989 ga abin da ake ci ɗanye ita ce kar ƙwayoyin bakteriyar bahaya su wuce 1,000 a mililita 100, ƙwan tsutsa kuma kar ya wuce 1 a lita. Ido ba ya ganin wannan, sai an kai ruwan gwaji. Ka bi da ruwan ta kwari tsakanin kunya, kar ka fesa kan ganye, ka sa takalmin roba, kuma ka tsayar da ban ruwan ƴan kwanaki kafin ka tsinka.

Wani kuma yace ko ya watsa magani ya kashe koren sai ya shayar da shanu? Don Allah kar ka yi. In suka mutu lokaci ɗaya fashewa suke, gubar da ke cikinsu ta fito ta gauraye ruwan, ga bakteriya sun rasa iska tafkin ya hau wari. Tafasawa ma ba ta kashe wannan gubar. Ka killace wajen, ka nema wa dabbobin wani ruwan daban.