Rigar sandar wanke gilashi ta daina riƙe ruwa

Tambayarka ita ce me ya sa rigar da kake sa wa sandar wanke gilashi ta daina shan ruwa bayan wanki kaɗan. Galibi laifin sinadarin laushin tufafi ne, domin yana lulluɓe zaren maikirofaiba, wato siririn zaren da aka yi rigar da shi, da maiƙo, sai ruwa ya riƙa zamewa maimakon ya shige ciki. Ka wanke ta ita kaɗai da ruwan ɗumi da ɗan garin sabulu, sannan ka shanya ta.

Amma idan ta faɗi ƙasa, kada ta koma kan gilashi sai ka ɗauraye ta sosai. Ƙwayar yashi guda da ta maƙale a gashinta ta taɓa sa na karce tagar wani shago daga sama har ƙasa.