Amsar Yaya kan yada zango a Las Vegas da yara

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanwata, na saurari muryarki tun da safe, aiki ne ya riƙe ni. Kin ce kun yi hayar motar nan mai ɗakin kwana da kicin, za ku taso daga Los Angeles ku nufi Utah, Baban yara yana so ku yada zango a Las Vegas, ke kuma hankalinki ya ƙi kwanciya saboda garin caca ne. To ga tawa shawarar, sauran 'yan uwa su ƙara.

Ni ban ce kada ku tsaya ba. Babbar hanyar I-15 ta cikin garin ta ratsa, ko kun so ko kun ƙi sai yaran sun ga allunan tallan nan ta taga. Abin da nake cewa, ku kwana a gefe, ku shiga da rana, ku fito kafin magariba.

Dokar Nevada, jihar da Las Vegas ke ciki, ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin caca, yaro kuma an yarda ya wuce ta cikin zauren caca amma kada ya tsaya. Sai dai fa an gina manyan otal-otal ɗin ta yadda in za ki gidan abinci ko wurin kallo, galibi sai kin keta tsakanin injinan caca. Ga ƙara, ga fitilu suna walƙiya, ga warin sigari don an yarda a sha a wurin, ba taga, ba agogo a bango. Za ki ga tsohuwa sa'ar kakarsu zaune ita kaɗai, kofi a hannun hagu, dama tana danna maɓalli, ko kiftawa ba ta yi. Wallahi yaro ɗan shekara bakwai ba zai ga asara a wurin ba, wasa zai gani mai kyau wanda manya ke yi. Wannan shi ne abin da ya fi damuna, ƙanwata.

Don haka ki riga garin magana. Tun kuna hanya ki zaunar da su, ki faɗa musu abin da za su gani da sunansa: caca ce, Allah Ya haɗa ta da giya a Suratul Ma'ida aya ta 90, Ya ce mu nisance su. Babban ɗan naki ya isa a yi masa lissafi. Ki nuna masa waɗannan gine-ginen, ki tambaye shi kuɗin wa ya gina su. Tun 1931 aka halatta caca a jihar, kuma an saita kowane inji ne yadda a ƙarshe mai gidan cacar ke cin riba. In ya gane wannan, gobe idan abokai suka nuna masa cacar ƙwallo a waya, ya san me ke ciki.

Af, kuma wuraren wasan yara na cikin otal-otal ɗin, irin wanda ake sa kuɗi inji ya fito da tikiti a je a canza da 'yar tsana, ki sa ido. Wasu ba su da maraba da injin manya. Ni da son raina ne, a tsallake su.

Dalilin da na ce kafin magariba: da yamma ta yi, a babban titin nan da suke kira Strip akwai masu tsayawa suna karkaɗa ƙananan katuna masu hotunan tsiraici suna miƙa wa masu wucewa. Katunan suna zube a ƙasa, ƙaramin yaro kuwa duk abin da ya gani mai launi sai ya sunkuya ya ɗauka. Ki riƙe hannun autarki gam. Titin Fremont da dare kuma, ku bar shi kawai.

Da rana akwai abin gani. Ruwan da ke rawa a gaban otal ɗin Bellagio kyauta ne, daga bakin titi ake kallo. Akwai gidan kifaye na Shark Reef a otal ɗin Mandalay Bay, akwai gidan baje kolin yara na Discovery Children's Museum inda ba ruwanku da caca sam. Amma in kin tambaye ni, daɗin yankin a wajen gari yake. Madatsar ruwa ta Hoover, da aka kammala a 1936, kamar kilomita 50 ce. Ku ba da lokaci don jami'an tsaro suna duba manyan motoci kafin a shiga. Ga wurin shaƙatawa na Valley of Fire da jajayen duwatsunsa, kusan a kan hanyarku ta Utah yake, kuma akwai wurin kwana na irin motarku.

Sai zafi. Kin ce Yuli za ku tafi, ko? Ki ƙaddara Sakkwato ce a watan Afrilu. A Yulin 2024 garin ya kai maki 49 a ma'aunin Salshiyas. Ku kama wurin ajiye motar da ke da wutar lantarki tun yanzu, don na'urar sanyaya ta kwana tana aiki. Ruwan sha ya fi yadda kike zato yawa, kuma ko minti ɗaya kada a bar yaro a cikin mota in an kashe ta. Ki ce wa Baban yara kada ya shiga Strip da wannan zungureriyar mota, cunkoson zai wahalar da shi. Ku ajiye ta ku hau bas ɗin Deuce ko tasi.

In Juma'a ta riske ku, akwai masallaci a titin Desert Inn, can za ku samu masu nuna muku inda ake sayar da naman halal. Ki turo min ranar da za ku taso in duba muku wurin kwanan. A gaida Baban yara, a shafa min kan auta. Allah Ya kai ku lafiya.