Tambayi Bakanike: Notin bambar 504 ɗin babana ya karye

Tambaya: Assalamu alaikum Oga. Ina da Peugeot 504 da na gada wajen mahaifina Allah ya jiƙansa, haɗin Kaduna ce. Na zo kwance bambar baya za a yi wa motar fenti sai bol ɗaya da ke manne a cikin bambar ya karye saboda tsatsa, guntu kawai ya rage. Mai walda ya ce in kawo motar ya ɗana mata wuta a nan take, wani kuma ya ce in sa gam mai ƙarfi. Dan Allah wanne zan bi? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya jiƙan Baba. Gam dai ka manta da shi, bamba tana shan girgiza kullum, ramin farko da ka faɗa zai saki.

Walda ce maganin, amma ba irin wadda mutuminka yake nufi ba. Kar a kunna wuta bambar tana jikin mota, balle ta baya da ke kusa da tankin mai. A kwance bambar baki ɗaya a ajiye a ƙasa, sauran notinan kuma ka jiƙa su da WD-40, man feshin nan mai sassauta tsatsa, ko baƙin mai da kananzir su kwana, sannan ka riƙa juyawa gaba kaɗan baya kaɗan, in ba haka ba gobe za ka sake rubuto min cewa sun zama uku.

Abin da masu walda da yawa ba sa kula da shi, ƙarfen bambar nan ba kauri gare shi ba, kuma ta 504 silba ce irin wadda ba ta tsatsa, ba fenti a kanta da zai rufa maka asiri. Mai walda yana dafa wutar nan a wuri ɗaya ta ciki, ta waje za ta yi shuɗi da ruwan ƙasa, wani lokacin ma ta lotsa, kuma fa in bamba ce mai rufin kurom, farin ƙarfen nan mai sheƙi, irin ta tsofaffin Marsandi to kurom ɗin ƙonewa zai yi ya fara ɓarewa, shi ke nan sai dai a nemi wata.

Saboda haka ka ce wa mai waldar ya goge guntun da giranda har ya yi daidai da jiki. Ya yanko ɗan faranti na ƙarfe mai kaurin milimita 3, ya huda tsakiya, ya zura sabon bol ya walde kan bol ɗin a jikin farantin can gefe, nesa da bambar, a nan duk zafin da yake so ya ba shi. Bayan ya huce sai a ɗora farantin a gurbin tsohon a ɗiga walda a kusurwoyi, ɗigo ɗaya a tsaya, a sa jiƙaƙƙen tsumma ta waje, a sake ɗigawa. Kafin ya gama ɗaurewa ku gwada da biraket ɗin, wato ƙarfen da ke riƙe bambar a jikin mota, tukuna, don in bol ɗin ya kauce ko da rabin inci ne bamba za ta zauna a karkace kuma kowa sai ya gani. Sandar walda ya nemi 309L, ita ake haɗa silba da baƙin ƙarfe da ita, ta gama gari za ta kama yau ta tsage daga baya. In ya ce duk ɗaya ne, ka ɗauki bambarka ka ƙara gaba.

Girman bol kuwa ka tafi da tsohon noti a gwada. In sifana 13 ke kwance shi M8 ne, in 17 ce yawanci M10.

Akwai hanyar da ba wuta sam, a huda bambar har waje a sa bol mai zagayayyen kai mai sheƙi, tsofaffin motoci da yawa haka suka zo daga kamfani. Tana riƙewa sosai, ni dai ba na son ta a motar da ba a taɓa hudawa ba, sai in wurin zai ɓuya ƙarƙashin roba.

Wajen ɗaurewa ka shafa giris a zaren bol ɗin, ka sa washa, kar ka hau sifana da ƙafa. Kuma in ka leƙa kasuwar Panteka a Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano ka ci karo da bambar 504 mai lafiya, saye ka ajiye, tun da aka daina haɗa motar kayanta sai ƙara wuya suke.