Rikicin Obamacare: shin masu adawa mugunta ce kawai ke damunsu?

Malam, kana tambaya ko 'yan jam'iyyar Republican a Amurka na ƙin dokar inshorar lafiya ta Obama (Obamacare) ne don ba su damu da talaka ba, su kuma suna cewa 'yan Democrat na son gwamnati ta mamaye harkar asibiti.

Tushen gardamar lissafi ne. Dokar, wadda aka kafa a 2010, ta hana kamfanoni ƙin mai tsohuwar cuta ko tsawwala masa kuɗi. To idan masu ƙoshin lafiya suka ƙi shiga, sai majinyata su cika asusun, farashi ya haura. Shi ya sa aka tilasta wa kusan kowa sayen inshora ko ya biya tara. Nan masu adawa suka tsaya: gwamnati ba ta da hurumin tilasta wa mutum sayen kaya. Abin dariya, Mitt Romney, ɗan Republican, ya sa hannu kan irin wannan tsari a 2006, lokacin yana gwamnan jihar Massachusetts.

Rashin yardar kuwa kowa ya zuba nasa. Dokar ta wuce Majalisar Wakilai da ƙuri'a 219 kan 212, babu ɗan Republican ko ɗaya. Obama ya ce kowa zai riƙe tsohuwar inshorarsa, a 2013 aka soke ta mutane da yawa. Ɗaya ɓangaren kuma ya yaɗa zancen "kwamitin mutuwa", wai wanda zai yanke wa za a hana magani, alhali babu shi a dokar. A 2017 'yan Republican suka mayar da tarar sifiri.

Kada ka auna niyya, auna tanadi: wa zai biya, wa zai rasa, me ya shafi Medicaid, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, a jiharka. Ofishin kasafin majalisa, CBO, kan fitar da ƙiyasi. Idan kana Amurka kana neman inshora, tuntuɓi masu taimakon rajista na HealthCare.gov, kyauta ne.