Tambaya da Amsa: Masu Aiki Sun Watse, Manhaja Ta Rage a Hannuna

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina cikin masu kula da wata buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda ake ajiye rubutunta a fili domin kowa ya duba, ya gyara, ya yi amfani da ita kyauta. A lokacin da take tashe muna da yawa, amma yanzu mu biyu muka rage, shi ma na biyun sai in yi wata ban ji ɗuriyarsa ba. Ƙorafe-ƙorafen masu amfani da ita sun taru, ni kuma ga iyali ga aikin da nake ci da shi. Kwanan nan wani da ban sani ba ya fara aiko da gyare-gyare masu kyau, har ya nemi in ba shi ikon fitar da sabon zubi da kansa, wato sabon fitowar manhajar da jama'a za su sauke. Shin in miƙa masa, ko in rufe aikin, ko in ci gaba da jan ƙafa haka nan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Zan fara da maganar baƙon nan, domin ita ce wadda idan aka yi kuskure a kanta ba kai kaɗai abin zai shafa ba. Ka ci gaba da karɓar gyare-gyarensa, kana karanta kowane layi kafin ka shigar, kana kuma gode masa a fili, amma ikon fitar da sabon zubi da sunan aikin kada ya shiga hannunsa a yanzu. Ban ce mutumin mugu ba ne, kuma mafi yawan masu zuwa da irin wannan himma da zuciya ɗaya suke zuwa. Sai dai masu mugun nufi sun gane cewa babu ƙofar da ta fi sauƙin shiga kamar ta mai kula da manhaja wanda ya gaji.

Abin da ya faru da XZ Utils ya isa darasi. Wata ƙaramar manhaja ce ta matse fayil wadda kusan kowane tsarin Linux, wato buɗaɗɗiyar manhajar da take tafiyar da kwamfuta, yake ɗauke da ita, kuma Lasse Collin ya shafe shekaru yana riƙe da ita ba tare da ana biyansa ba. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shigo yana taimakawa, wasu sunaye kuma suka riƙa matsa wa Collin lamba cewa aiki ya tsaya, ya kamata ya ƙaro mai kula. Fiye da shekara biyu aka yi ana gina wannan amana, sannan aka cusa wata ɓoyayyiyar ƙofa a zubi na 5.6.0 da 5.6.1, wadda za ta iya ba wa mai ita damar kutsawa cikin kwamfutocin mutane daga nesa. Abin da ya tona asirin a watan Maris na 2024 shi ne wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga kwamfutarsa daga nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi kawar da kai, ya bi diddigi har ya gano. Tun a 2018 an ga makamancin haka a wata manhaja mai suna event-stream, inda mai ita ya miƙa wa wanda bai sani ba domin shi ya daina amfani da ita, sabon mai kular kuma ya shigar da abin satar kuɗin intanet. A duka biyun an ba kura ajiyar nama ne, ba don wauta ba sai don gajiya.

To, sai mu zo kan ainihin ciwon. Kafin ka yanke hukuncin cewa aikin yana mutuwa, ka bambance tsakanin raguwar masu rubutu da raguwar masu amfani, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai manhajar da ta riga ta cika, ta yi abin da aka ƙirƙire ta dominsa, ba ta bukatar komai sai a toshe ɓarakar tsaro idan ta bayyana, a kuma daidaita ta da sababbin na'urori. Irin wannan ba ta bukatar taron jama'a. Mutum biyu masu amana waɗanda kowannensu zai iya fitar da zubi idan ɗayan ba ya nan sun wadatar. Tunda ka ce ƙorafi yana taruwa, alama ce cewa masu amfani suna nan, kuma daga cikinsu ne masu aiki suke fitowa.

A nan ne zan faɗa maka abin da ba lallai ya yi maka daɗi ba. Sau da yawa 'yan sa-kai ba gudu suke yi ba, shiru ne yake korarsu. Matashi ya kwana yana gyara wani kuskure, ya aiko, ya jira mako ɗaya, wata ɗaya, wata uku, babu ko "mun gani", to wannan ba zai dawo ba, kuma duk wanda ya leƙo ya ga gyaran nasa yana zaune babu amsa shi ma zai juya. Idan awa biyu kawai kake da ita a mako, ina ganin ya fi maka ka kashe ta wajen duba aikin wasu da rubuta bayanin yadda ake haɗa manhajar da yadda ake fitar da zubi, maimakon ka rubuta sabon abu da hannunka. Abin da yake cikin kanka kaɗai, wanda ba a rubuta ba, shi ne yake hana kowa ɗaukar maka kaya.

Maganar kuɗi kuwa, yana taimakawa, amma ba ya zuwa ga wanda bai buɗe baki ba. OpenSSL, wadda take tsare sirrin ɗimbin shafukan intanet, gudummawar kusan dala 2,000 take samu a shekara kafin ɓarakar Heartbleed ta bayyana a watan Afrilu na 2014, kuma sai bayan abin ya fashe ne manyan kamfanoni suka haɗa asusu ƙarƙashin Linux Foundation. Blender kuma, manhajar zane da ƙirƙirar hotuna masu motsi, da kamfanin da yake da ita ya durƙushe a 2002, wanda ya ƙirƙire ta, Ton Roosendaal, ya fito ya nemi taimakon masu amfani da ita, aka tara Yuro 100,000 cikin mako bakwai aka fanshe ta ta zama ta kowa. Ka duba ko akwai kamfanonin da suke cin moriyar manhajarku, ka rubuta musu kai tsaye, kuma ka tuna cewa ranar aiki ɗaya a mako daga ma'aikacinsu sananne wani lokaci ta fi kuɗi amfani, ga shi kuma mutum ne mai suna da adireshi wanda za a iya tuhuma idan ya ci amana.

Idan duk ka gwada waɗannan babu motsi, rufewa ba abin kunya ba ne, matuƙar an yi ta a fili. Gidauniyar Apache, mai kula da buɗaɗɗun manhajoji, tana da wani sashe mai suna Attic da take ajiye ayyukan da suka rasa masu kula, rubutunsu yana nan ga mai so, amma an sanar cewa babu mai gyarawa, GitHub ma, shafin da ake ajiye rubutun manhajoji, yana ba mai aiki damar mayar da ma'ajiyarsa ta karatu kawai. Abin da nake ƙi shi ne manhaja ta ci gaba da nuna kamar tana da rai alhali babu mai toshe ɓarakarta, domin masu saukewa ba su da hanyar sanin haka. Tarihin OpenOffice, manhajar rubutu da lissafin ofis, ya nuna ɓangarorin biyu. Bayan kamfanin Oracle ya sayi kamfanin Sun, mai riƙe da OpenOffice, a 2010, akasarin masu aikin suka ɓalle suka kafa LibreOffice daga rubutun nan ɗaya, Oracle kuma ya miƙa tsohon sunan ga Apache a 2011. Zuwa 2016 shugaban aikin OpenOffice da kansa ya tayar da batun yiwuwar rufewa saboda ƙarancin masu aiki, amma har lokacin mutane suna ta sauke ta saboda sunan da suka saba da shi, yayin da ƙarfin aikin ya riga ya koma wani gida.

Wannan ne kuma yake kawo mafita ga baƙonka. Lasisin buɗaɗɗiyar manhaja ya ba shi damar ya kwafi rubutun gaba ɗaya, ya sa masa wani suna, ya ci gaba da aiki ba tare da neman izininka ba, kuma ta haka duk wanda ya bi shi ya san cewa sabon mutum yake bi, ba amanar da kuka tara cikin shekaru ba. Idan kuma ya fi son zama tare da ku, sai a bi mataki-mataki: ya fara da tantance ƙorafe-ƙorafe, daga baya ya duba gyare-gyaren wasu, kowane abu nasa kuma sai mutum na biyu ya amince kafin ya shiga, ku yi magana baki da baki, ka san inda ya yi aiki a baya da waɗanda za su tsaya masa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tsari, wanda kuwa ya fara gaggawa ko ya fara turo mutane su matsa maka, ka sake duba duk abin da ya taɓa aikowa.

A cikin makon nan, ka nemi abokin aikinka ku daidaita, sannan ku rubuta sanarwa a saman shafin farko na aikin: ku faɗi ku nawa kuka rage, abin da za ku iya ci gaba da gyarawa da abin da kuka ajiye, irin taimakon da kuke nema, da ranar da za ku mayar da aikin na karatu kawai idan ba a samu mai tsayawa ba. Wata shida ya isa wa'adi. Allah Ya saka maka da alheri bisa shekarun da ka ba wa aikin, kuma ka rubuto mana abin da ya biyo baya.